Ambulan a Kan Gadon Iya

Shekara uku na yi ina aiki a gidan Iya mai daddawa a Rano kafin in nemi ƙarin lada, kuma ko da na nema ɗin ma, ba da baki na nema ba. Nan kuskurena yake. Zan rubuta shi yadda ya faru, tun da dai rubutu ne ya jawo shi.

Ni 'yar Nariya ce, ta ƙasar Kibiya. Can aka haife ni, can aka yi mini aure, can kuma mijina ya rasu wata damina, ya bar ni da yarinya ɗaya. Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar fari ce, mu kuwa a tasowarmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta bari a gane tana kewarta. In aka tambaye ki ita, sai ki kau da kai ki ce, "Tana can." Ga shi yau furfura ta rufe mini kai, amma bakina bai saba ba.

Da na fita takaba sai gwaggon yarinyar, yayar mijina, ta ɗauke ta. Ni kuma na koma gidan wana, inda na ga ana auna tuwo da ido saboda ni. Ban daɗe ba na ji labarin wata tsohuwa a Rano da ke neman mai taya ta aikin daddawa. Na ƙulle zannuwana biyu, na bi masu zuwa kasuwa da ƙafa.

Iya ba uwata ba ce, ba mu haɗa komai ba. Kowa a unguwar Iya yake ce mata, ni ma na bi. Gajeriya ce, mai babbar murya, haƙoranta jawur da goro da furen taba. Ɗa ɗaya gare ta, yana aikin jirgin ƙasa can Kudu, sai wasiƙa jefi-jefi. Ranar da na iso ba ta tambaye ni asalina ba. Hannuna ta kama ta juya, ta duba tafin, ta ce, "Wannan ya san taɓarya. Shigo, 'yar nan." Daga ranar na zama 'yar nan.

Wanda bai taɓa yin daddawa ba yana ganin ta a miya ne kawai. Kalwa, wato ƙwallon ɗorawa, tauri gare ta kamar tsakuwa. Sai an yini ana dafa ta a babbar tukunya, ana ƙara ruwa ana tura itace. In ta yi laushi a zuba a turmi da toka a daka, ɓawon ya saki. Daga nan a ɗauka a kwanduna a kai rafi, a wanke, a tsince, har yatsu su yi fari su tattare. A dawo a sake dafawa, a juye a kwando, a lulluɓe da ganye da tsummoki, a kai ɗaki mai ɗumi ta kwana uku. Sai ta ruɓa ta yi yauƙi sannan a kirɓa, a mulmula, a lallatsa da tafin hannu, a jera a tabarma rana ta busar. Kafin wannan ta bushe wata tana kan wuta.

Sai kuma warin. Yana shiga zane, yana shiga kitso, sabulu ba ya fid da shi. In na je gidan suna, matan ba sa cewa komai, amma nakan ga tabarma ta yi fili ta gefena. Ni da ma ba mai yawan magana ba ce, sai na rage fita. A duk faɗin Rano mutum ɗaya ce ba ta jin warina, domin ita ma shi take yi.

Ladana sule biyu ne duk ranar kasuwa, da ɗan ɗaki kusa da ɗakin da muke rufe kalwa, da abinci. Abincin nan kuwa a akushi ɗaya muke ci ni da Iya. In an yi sallar magariba ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce, "'Yar nan, zo mu ga abin da Allah ya yi." In da tsoka ɗaya a miyar, sai ta yi ta turo ta gabana da yatsa tana cewa haƙoranta sun ƙi, alhali na sha ganin ta tana fasa goro da su. Ita ke magana, ni ina saurare. Ta zagi masu sayar da itace, ta zagi mijinta da ya mutu shekara ashirin da suka wuce, ta yi masa addu'a, ta koma kan ɗanta. Wannan ɗan lokacin shi ne duk hirar da nake samu a yini.

Iya ce ma ta tura ni ajin yaƙi da jahilci. Lokacin an buɗe na mata a wani gida bayan masallaci, ana yi da la'asar, a daidai shekarun da ake ta zancen mulkin kai. Ta ce, "Je ki koyo bokon nan ki riƙa karanta mini wasiƙar ɗan banzan yaron nan. Na gaji da kai sirrina wurin tela." Telan nan yana da rumfa a bakin kasuwa, shi ke karanta wa mutanen unguwarmu wasiƙa. Ba mugu ba ne, amma ba ya iya karatu a hankali. Da ƙarfi yake yi, ƙafarsa a kan keke, yana yi yana ƙara nasa sharhin, duk wanda ke zaune a benci yana ji.

Na je, na zauna can baya saboda warin. Na koyi baƙi da wasali da fensir guntu. Ranar da na fara karanta wa Iya wasiƙar ɗanta ina yi ina tuntuɓe, sai da ta sa na maimaita sau uku. Ta fita ƙofar gida tana gaya wa duk wanda ya wuce, "Mun yi malama a gidan nan! Tela ya nemi wani aikin."

Sau biyu a shekara nake zuwa Nariya, in sayo mana kalwa a wurin matan ƙauye in kuma gaida mutane. A shekara ta uku, da bazara, na shiga gidan gwaggon yarinyar na tarar da ita a bakin murhu da goyon ɗan gwaggon a bayanta, goyon ya kusa kai ta girma. Shekararta bakwai. Kitson kanta ya tsufa har ya fara dunƙulewa, wuyanta ya yi tsawo. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya," kamar yadda ake gaida baƙuwa. Na amsa ina kallon rumbu.

Da zan tafi gwaggon ta rako ni har bakin gona. Ba muguwar mace ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Ta ce, "Ba korar ta nake yi ba, jinina ce. Amma kin ga bakunan da ke gidan nan, kin kuma ga rumbun. In kina da abin da za ki ciyar da ita, bayan kaka ki zo ki tafi da ita. In babu, to, mu ci gaba a haka."

Na ce, "To, Gwaggo. Allah ya saka da alheri."

Na ɗauko kalwa a ka na kamo hanyar Rano. Tun daga Kibiya har na hango duwatsun garin, wuyan nan nata nake gani.

Da magariba Iya ta ce, "Ya mutanen gida? Ya yarinyar?"

Na ce, "Tana can."

Ta ce, "Madalla," ta ci gaba da zagin masu itace. Ba ta yi laifi ba. Amsar da ake bayarwa ke nan, kuma a ganinta yarinya tana hannun dangin ubanta, inda ya dace ta zauna.

Na yi ta juya abin a raina. Ni kaina a tukunyar Iya nake ci. In kawo wani baki in ɗora a kan tukunyar tsohuwa, ba ta ce ba, wannan ya fi ƙarfin fuskata. Amma da za ta ƙara mini sule ɗaya, zan iya auno dawa ta kaina in zuba a tulun gidan, in yi wa yarinyar zane, ba wanda zai ce na zo da kaya. Kuma ba zalunci zan yi ba. Tun zuwana tukunya ɗaya ta zama biyu, masu sari suna zuwa daga Zurgu da Lausu, ladan kuwa yana nan inda na same shi.

Saura faɗa. Ya fi sau goma ina ɗaura niyya. In muna tsince kalwa in ce, "Iya."

"Na'am."

Sai in juya maganar. "Itacen nan ɗanye ne."

"To, ni na shuka shi? Hura."

Wata rana na kai har, "Iya, da ma ina so in ce..." Ta ɗago tana jira, da tsokar nama a yatsanta za ta turo mini. Na ce, "Miyar ta yi daɗi." Ta ce, "Ke kika yi ta, uwar yabon kai." Yaya za ki dubi wadda ke turo miki tsoka ki ce mata kuɗinta bai ishe ki ba?

Ana nan sai malamarmu ta aji ta kawo mu kan rubuta wasiƙa. Ta koya mana ta dangi, ta koya mana ta neman alfarma wurin na gaba. Ta ce amfanin takarda shi ne ba ta jin kunya, abin da baki ya kasa ita za ta isar. Ta ce kuma wasiƙar girmamawa ba a miƙa ta tsirara, sai an sa ta a ambulan an liƙe. Na ji kamar da ni take. Na dawo gida da sauƙi a ƙirjina.

Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Ga abin da ya tsaya, har yau ina riƙe da shi a ka. Na fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa ga uwar ɗakina. Na ce bayan haka, ina roƙon a duba a ƙara mini sule ɗaya a kan ladana, domin aiki ya ƙaru kuma hatsi ya yi tsada. Na ce ni ce mai yi miki biyayya. Shi ke nan. Na so in sa maganar yarinyar. Na ma ɗora fensir zan rubuta "'yata", sai hannun ya ƙi, kamar yadda baki yake ƙi. Ashe kunyar ba a harshe kaɗai take ba. Na bar wasiƙar ba dalili a cikinta sai aiki da hatsi.

Na sayi ambulan fari a kanti, na lasa na liƙe. A tunanina, Iya za ta gan shi ta ajiye har in dawo, ta ce in karanta mata kamar kullum. Ni kuma in karanta kaina a sunkuye, kamar maganar wani ce. Takarda ta yi magana, ni in ara mata murya kawai. Haka na tsara, har ina ganin na yi dabara.

Abu ɗaya ne ban sa a lissafi ba. Wata biyar ke nan ɗan Iya bai rubuto ba. Ta daina zaginsa ma, wanda ya san ta kuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma duk tsawon rayuwarta ba wanda ya taɓa aiko mata da ambulan sai shi.

Da safe, ranar kasuwa, Iya ta zaga bayan gida. Na shiga ɗakinta na ɗora ambulan ɗin a kan gado, na ɗauki kwandunan kalwa na tafi rafi. Da gangan na daɗe. Na wanke, na sake wankewa, na tsince abin da ba ya buƙatar tsinta. Sai da rana ta take tsaka na dawo.

Na tarar da wutar tukunya ta mutu. Iya tana zaune a kan turmi a kife, da mayafinta na fita a jikinta, sabo, wanda take sawa in za ta gidan biki. Ambulan ɗin yana kan cinyarta a yage.

Na sauke kaya na ce, "Sannu da gida, Iya."

Ta ce, "Sannu, Malama."

Ba da muryar da take faɗa a ƙofar gida ba. Na durƙusa inda nake.

Ta ce, "Na shiga ɗaki na ga farin abu a kan gado. Na ce Alhamdu lillahi, yaron nan yana da rai, wani ya kawo ina bayan gida. Na leƙa ba kya nan. Na ce ba zan iya jiran rafi ba. Na ɗauko mayafi, ko takalmi ban sa daidai ba. Duk wadda na gamu da ita a hanya sai na ɗaga mata, na ce ɗana ya rubuto."

Ni dai ina kallon ƙasa.

"Na je wurin tela. Ranar kasuwa, benci cike. Masu sarin Zurgu suna nan, matar nan mai daddawar ƙofar gabas da ba ta ƙaunar ta ga na sayar tana nan. Na ce, 'Malam, karanta da ƙarfi yau, na yarda.' Ya buɗe. Ya ce, 'Zuwa ga uwar ɗakina.' Ya tsaya. Ya ce, 'Iya, yaushe ɗanki ya zama baranyarki?' Aka yi dariya. Ni ma na yi, ban sani ba. Ya ci gaba. Aiki ya ƙaru. Hatsi ya yi tsada. Ya ce, 'Af, Iya, ashe ma'aikata gare ki kamar hukumar En'e! To, ki biya su mana, kada su kai ki gaban alƙali.' Mai daddawar ƙofar gabas ta ce, 'Wayyo, baiwar Allah, ashe da yunwa take daka.'"

Na ce, "Iya, wallahi ban..."

"Da yunwa kike daka?"

"A'a, Iya."

"Na taɓa ci na hana ki?"

"A'a."

"To, me ya kawo takarda tsakanina da ke? Ni a sanina takarda uku ce. Ta haraji, ta sammaci, ta saki. Wacce ce wannan a ciki? Ɗakinki ga shi, ɗakina ga shi, taku biyar. Hannunmu a akushi ɗaya. Ba ki da baki? Ko bakin nawa ne yake wari?"

A nan ne ya kamata in faɗa. Kalma biyu ce: 'yata ce. Na buɗe baki, na ji su a kan harshena. Abin da ya fito shi ne, "Ki yi haƙuri, Iya."

Ta miƙo mini takardar. Ta ce, "Juya bayanta. Tun da da takarda aka zo, da takarda za a koma. Na sa shi ya rubuta."

Na juya. Da rubutun tela, manya-manya, an sa: An yarda.

Ta kwance bakin zanenta ta ajiye sule uku a kan faifai, ba a hannuna ba kamar yadda ta saba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ni na hura wutar.

Da magariba na fito na ga tabarma a shimfiɗe, amma kwano biyu. Nawa yana can gefe a rufe da faifai, tuwon ya fi na kullum yawa, da tsoka a kai. Ta ce, "Ga naki nan, Malama. Ki duba ko ya isa." Na ɗauka na ci a bakin ƙofar ɗakina. Ban taɓa cin tuwo mai wuyar haɗiya kamarsa ba.

Haka muka shiga damina. Ba ta kore ni ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Duk ranar kasuwa sule uku a kan faifai. In za ta sa ni aiki sai ta ce, "Malama, in ba damuwa, a duba wuta." Hirar magariba ta mutu. Nakan ji ta tana magana da kaji. In na bi ta bakin kasuwa tela ya ɗago ya ce, "A gaida ma'aikatan gwamnati!" Ba da mugunta yake yi ba, shi wasa ya ɗauke shi. Na daina bin ta nan. Ajin ma na daina zuwa, bayan na karɓi takardar shaida na sa ta a ƙarƙashin tabarma.

Wasiƙar ɗan Iya ta zo a tsakiyar damina. Na ga lokacin da aka kawo. Ta riƙe ta yini guda, ta kai ta ɗaki ta fito da ita. Wurin tela ba ta komawa, ni kuma ba ta so ta roƙe ni. Da la'asar na je na durƙusa na miƙa hannu. Ta ba ni. Na karanta: yana lafiya, an yi masa canjin tasha ne, yana gaida ta. Sau ɗaya na karanta, ba ta ce in maimaita ba. Ta ce, "An gode."

Sulen nan na ƙari kuwa ban taɓa shi ba sai don abin da na neme shi. Na riƙa auno dawa ina tarawa a wani tulu a ɗakina. Na sayi ɗan yadi, na kai wa wani tela dabam can ƙofar yamma.

Da aka gama girbi na sami Iya tana jera daddawa a tabarma. Na ce, "Iya, ina so in je Nariya gobe."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yau da baki? Ba a rubuto ba?"

Na ce, "Kwana ɗaya zan yi."

"Allah ya kiyaye hanya."

Gwaggon ta haɗa wa yarinyar kayanta a ɗan ƙullin da bai kai kan jariri ba. Muka taho. Tana bayana, ina gaba. In na tsaya ta tsaya. A Kibiya na saya mata rake, ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Yaya." Ba mu ƙara magana ba har Rano.

Mun shiga gida da la'asar. Iya tana bakin tukunya da muciya a hannu. Ta dubi yarinyar tun daga ƙafafunta masu faso har wuyan nan. Ta dube ni. Ta ce, "Wannan fa?"

Na kau da kai na ce, "Ta can ce."

"Kwana nawa za ta yi?"

"Ta zo ke nan. Akwai dawa a ɗakina, na tara. Ba za ta taɓa tukunyarki ba."

Iya ta ajiye muciyar a hankali. Sannan ta ce, "Ita ce sule ɗayan?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "Innalillahi." Ta zauna a kan turmi. "Ke wace irin halitta ce? Wata nawa? Ki bar ni ina ta haɗa kwano biyu kamar mahaukaciya? Da kin ce mini, 'Iya, yarinyar nan tana ramewa,' da ni zan je da ƙafata in ɗauko ta. Tuwon gidan nan kaji ma suna samu."

Na ce, "'Yar fari ce, Iya."

"Na sani 'yar fari ce! Ni ban haifi ɗan fari ba? Ba kya jin ina kiransa ɗan banza safe da yamma? Kin taɓa jin na kama sunansa? Ai kowa da yadda yake yi. Ki zage ta mana, in gane!"

Yarinyar ta tsorata da muryar, ta matso ta kama bakin zanena. Ranar ce ta fara taɓa ni da kanta. Iya ta gani, ta sassauta. Ta ce, "Zo nan, ƙawata. Kada ki ji tsoro, haushi kawai nake yi, ba na cizo. Kin iya shan garin ɗorawa? Zo ki ga." Ta kama hannunta ta juya tafin, kamar yadda ta yi mini shekara uku baya. Ta ce, "Wannan bai isa taɓarya ba. Wannan na cin tuwo ne."

Da magariba ta shimfiɗa tabarma. Na leƙo daga ɗaki ina duban kwanukan. Akushin nan na da ya fito, rabona da ganinsa tun bazara. Ta ce, "Ƙawata, zo mu ga abin da Allah ya yi." Yarinyar ta je ta zauna a inda nake zama. Nawa kwanon yana gefe a rufe da faifai.

Ban ce an yi mini ba daidai ba. Uwa da ma ba ta cin abinci da 'yar fari a kwano ɗaya, ko da Iya ta kira ni ba zan iya zuwa ba. Kuma abin da aka karanta a rumfar tela an riga an karanta shi, mutanen benci ba za su mayar da abin da suka ji ba. Iya ta yafe mini, na san ta yafe, domin bayan kwana kaɗan ta koma zagina a kan itace. Dawar da na tara ta ce in bar ta a ɗakina, ba ta son ganin ta. Sule uku ba ta rage ba har ta rasu. Amma sunan nan na 'yar nan bai dawo bakinta ba. Malama na zama, da wasa da gaske, har unguwa duka ta ɗauka.

Shekara shida muka ƙara a gidan. Yarinyar ta yi ƙiba, wuyan ya koma daidai. Iya ce ke yi mata kitso, ita ta sa ta makaranta, a ɗakinta take kwana. Ni nakan zauna a bakin ƙofata da kwanona a cinya, ina jin su. Iya tana zagin masu itace, yarinyar tana dariya da tuwo a baki. Wani lokaci in ga yatsan nan ya tura tsoka zuwa ɗaya gefen akushin, in ji tana cewa haƙoranta sun ƙi. Sai in sunkuya in ci nawa.